Sadakar Arba'in a Kurudu

A shekarun farko na komawa mulkin farar hula, gidanmu yana Kurudu, a gefen babban birnin tarayya, a ƙarshen wani layi da kwalta ba ta kai ba. Kuɗi sun shigo gari. Tifofi na wucewa da yashi tun asuba, gonar da aka haƙi doya a cikinta bana, baɗi sai ka tarar an zagaye ta da bulo. Babana yana da shagon kayan gini, kuma a lokacin ne ya fara zama wurin wasu malamai matasa masu wa'azin gyara aƙida. Ya bar gemu, ya ɗage wando, ya sa yayyena mata a Islamiyya, abin da ba a taɓa yi ba a danginmu.

Kakata, wadda muke kira Inna, ta zuba wa duk wannan ido, har mijinta, kakanmu Baffa, ya rasu. Baffa goro yake sayarwa a bakin tasha, kuma leburorin gini da ke zuwa cirani daga arewa a wurinsa suke ajiye kayansu. Bayan an share makoki, Inna ta aika a auno gero don gumbar arba'in. Babana ya tarar da buhun a tsakar gida.

"Inna, sadaka kowace rana ana yin ta," in ji shi. "Amma a ware rana, a tara jama'a, a daka gumba, wannan ba shi da asali a addini. Ba za a yi a gidan nan ba."

Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma jayayya da shi ido da ido. Ta dubi buhun ta ce, "To, mai shago ya yi magana." Ta daka wa uwarta gumba, ta daka wa ubanta, ta daka wa maƙwabta. A wurinta, ranar ta wuce babu taro daidai yake da a ce Baffa bai bar kowa a duniya ba.

Tatsuniya kuwa ba ta fasa ba, ko da take cikin takaba. Bayan magariba, kafin garwashin tuwo ya mutu, takan ɗora tukunyar ƙasa da aka kawo mata daga Ushafa, kunu yana ɗumi, mu kewaye murhun. Tana da nata mabuɗin: "Ga wata tafe, wa zai ba ta wurin zama?" Mu ce, "Mu ne!" A makonnin nan labari ɗaya ta riƙe.

Wai akwai wani gari mai rijiya guda. Kowace shekara kafin damina ana yanka baƙin bunsuru a bakinta, a ce na iskar da ke ciki ne. Gida-gida ake bi, ko dabba ɗaya gare ka, in layi ya zo kanka sai ka bayar, kuma cinya ta sarkin rijiya ce. Sai wani malami ya sauka a garin, ya ce ruwa na Allah ne, iska ba ta da ko ɗigo. Ya hana yankan, ya ja ruwa ya sha a gaban kowa, bai ko yi tari ba. Wata gwauruwa da layi ya zo kanta ta koma gida da bunsurunta tana guɗa. Garin ya shiryu, aka cika masallaci.

Abin da ba wanda ya lura da shi, a ranar yankan ne samari kan shiga rijiyar su yashe ta, don nama ne ke tara su. Da babu nama, babu wanda ya tuna. Laka ta taru, ruwa ya ja baya. Ɗaliban malam suka haƙa sabuwa a ƙofar makaranta, suka sa mata murfi da kwaɗo, mabuɗi a aljihun babbansu. Ana nan sai wani malamin ya iso, ya ce na farko ya yi kuskure a wurare da dama, a zo a gyara.

"To Inna, wa ke da gaskiya?" na tambaya.

"Kai angona marowaci, ko sabulu ba ka saya mini sai tambaya. Na farko mana. Iska tana cin bunsuru ne? Sarkin rijiya ke ci. Gaskiya ya faɗa, leƙa cikin rijiyar ne bai yi ba."

Ina yaro, amma na fara lura da wasu abubuwa. Duk sanda ta iso wurin yasar rijiya, muryarta kan ɗaga, fuskarta kuma ta juya wajen tagar ɗakin Baba, inda yake cin tuwonsa. Malamin cikin labarin ma yana canzawa. Ranar farko tsoho ne mai sanda. Bayan mako guda ya zama matashi, har wandonsa ya daina taɓa idon sawu. Wata rana na ji Baba ya ƙara muryar rediyo.

Ranar arba'in ta zo, turmi na kife. Inna ta zauna a kan tabarmarta da carbi. Da hantsi aka yi sallama. Leburori ne, wasu da siminti a ƙafa, sun bar aiki. Kafin a shimfiɗa musu tabarma, ga direbobin tasha, ga masu tura baro, ga Maman Danjuma, 'yar Gbagyin da ke kawo mana itace, da wasu mata uku a bayanta. Ta leƙa ɗaki ta ce da Hausarta ta Gbagyi, "Inna, mun zo gaishe shi, Allah ya ba shi haƙuri."

Aka aika shago aka kira Baba. Ya tsaya a ƙofar gida yana duban mutanen, su ma suna dubansa. Wani dattijo ya ce, "Oga, mun zo yi wa Baffa addu'a ne." Can Baba ya tura a kira mai shayi da duk burodin da ke teburinsa, ya sa a dafa shinkafa. Ya shiga ciki ya durƙusa a bakin ƙofar Inna.

"Wannan ba sadakar arba'in ba ce, Inna. Baƙi ne suka zo, girmama baƙo kuwa wajibi ne."

"Baƙi ne mana," ta ce, ba ta ɗago daga carbinta ba. "Wa ya ce wani abu?"

Da na girma na tambayi 'yan'uwanmu na ƙasar Katsina labarin rijiyar, babu wanda ya taɓa jin sa. Ina kyautata zaton a bakin murhun nan aka haife shi, don mutum ɗaya. Ba na kuma ganin Baba ya yi asara. Wa'azin da ya bi shi ya sa yayyena suka iya karatu, shi ya raba gidaje da yawa da bukukuwan da ke cinye jari. Haka gyara yake tafe a tarihin ƙasar nan, kowane ƙarni da nasa, yana kawar da zalunci na gaske, yana kuma tafiya da wani abin da ba a sa a lissafi ba. Shi ya sa yau in na ji mai kiran gyara, nakan saurare shi da kyau, in tambayi kaina abin da tsohuwar al'adar ke yi a ɓoye, da wanda zai amfana in ta tafi. Mai kare al'adar ma ba na sake masa, don na ga yadda Inna ke aiki.

Mutanen da suka zo ranar arba'in ba su da kalanda, kuma Maman Danjuma ta kawo itace sau biyu a makon, alhali ba mu ƙone na farko ba. Shekara guda kafin Inna ta rasu na tambaye ta kai tsaye, wa ya gaya musu ranar.

Ta ce, "Mai takaba tana fita ne?"