Facin jan ƙarfe a jirgin sanholo

Duk wanda ya ji na sayi jirgin ruwa a Agadas sai ya fara tambayar lafiyata. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya a lakwal, kuma mutane sun daɗe da yarda cewa alli yana hawa kai sannu a hankali. Da na aje aiki na sayi jirgi, sai suka samu hujja.

Dalilina ba shi da wuyar ganewa. Mijin ƴata ɗan masunta ne daga kudu, sana'ar gyaran babur ta kawo shi garinmu. Da zinariyar Jado ta tashi can cikin hamada sai ya bi mutane wurin haƙa. Ya dawo da tari mai zurfi da tocila guda, ya kwanta jinya, ya warke, ya fara maganar komawa. Ƴata ta riƙa zuwa gidana da yara ta zauna, tana tsince shinkafar da an riga an tsince. Na aika aka tambaye shi, in akwai jirgi zai yi su a babban tabkin nan na hanyar Tawa wanda ba ya ƙafewa? Ya aiko da amsa irin ta suruki mai kunya: in Baba ya ga ya dace. Amma bidonsa na ruwa yana nan naɗe da buhu a bakin ƙofa, abokan tafiyarsa kuma suna jiran kamiyo, babbar motar ratsa hamada, ya cika.

Jirgin na same shi a garkar wani dillalin tsofaffin ƙarafa. Wasu masu awon ruwa ne suka zo da shi shekarun baya, suka gama aikinsu suka bar shi. Na sanholo ne, ƙarfen da ake zuba tukwanenmu da shi, gindinsa shimfiɗaɗɗe, mutum biyu na iya ɗaga shi. Ragunan dillalin na shan ruwa a cikinsa, masu zubin tukwane kuma sun riga sun taya, a kan nauyi. Dillalin ya yabe shi kamar yadda ake yabon raƙumi, har ya ce mini ba ya da cin abinci.

Ga abin da zan gaya wa mai niyyar sayen irinsa, musamman a garin da ba kogi. Ba sai ka kai jirgi ruwa ba, kai ruwa cikin jirgi. Ɗora shi bisa duwatsu, share ƙasan, zuba busasshen rairayi, ka kira ƴan garuwa su cika shi, sa'an nan ka durƙusa ka yi kallo. Duba kan kowace ƙusa. Wadda ka ga baƙin zobe ya kewaye ta, motsi take yi. Lotsawa ba ta da damuwa, tsagewa ita ce cuta. Kada kuma ka zauna a kansa da tsakar rana, wannan na koye shi ba daga littafi ba.

Nawa ya ɗiga ta wuri biyu, kusa da baya, inda aka taɓa jan sa bisa dutse. Sauran jikinsa lafiya lau. Na saya.

Ina da aboki maƙeri, tun muna ƙanana muke tare, kafin a kai ni lakwal shi kuma a zaunar da shi gaban zuga-zugi. Zuriyarsu masu aikin azurfa ne da takubba da adon sirdi, kuma bakinsu ba ya da linzami, kowa ya sani, kowa ya haƙura. Ya zo ya zagaya jirgin, hannu a baya.

"Mushe," ya ce, yadda ake kiran malamin lakwal a nan, "ina tekun? Ko shi ma ka yi odarsa?"

"Yana hanya. Kai dai rufe mini ramukan nan."

"Bar mini shi. Kada ka leƙo sai na kira ka, ba na son ido a kan aiki."

Da ya kira ni na tarar da mutane tsaye. Ya yi facin da jan ƙarfe, faranti biyu, ya kafe su da ƙananan ƙusoshi na jan ƙarfe a jere kamar haƙoran yarinya, ya zane su da zanen da suke yi wa akushin da ya tsage. Haka ake gyara a nan tun kakanni: abin da ya fashe a ɗinke shi da jan ƙarfe, ya fi sabo kyau. Ya ce kyauta ce, saboda ƴata, wadda aka yi sunanta yana wurin. Ban taɓa ganin faci mai kyawunsa ba.

Amma abin da na yi ta maimaita wa ƴan aji suna hamma shi ne ya tsaya a gabana. In jan ƙarfe ya manne da sanholo, ruwa mai kanwa ya shiga tsakaninsu, sanholon ne ke cinyewa. Ba yau ba, ba gobe ba. Ramin ƙusa ya yi ta faɗi a ɓoye, wata rana farantin ya saki, mutum yana tsakiyar tabki da taru jiƙe a ƙafafunsa. Na jira mutane suka watse, na gaya masa.

"Akushin kakata," ya ce, "da wannan ƙarfen aka ɗinke shi. Har yau ana dama fura a ciki."

"Akushi icce ne."

"Naka kuma tukunya ce mai tsawo. Mushe, ka taɓa riƙe guduma?"

"Ban taɓa ba."

"To ni ban taɓa riƙe alli ba, kuma ban zo ajinka na ce ka yi kuskure ba."

Ya kwashe kayansa ya tafi, shayin da na zuba masa yana tururi.

Na zagaya wurin sauran maƙera. Kowa ya ji labari kafin in isa. Maƙeri ba ya kwance aikin ɗan'uwansa, balle kyauta, balle ta dattijo. Masu walda na bakin tasha suka ce injinsu na baƙin ƙarfe ne, zai huda sanholo kamar takarda. Surukina ya zo ya durƙusa daga nesa, idonsa a ƙasa, ya ce shi dai facin bai ɗiga ba, yana iya tafiya da shi haka. Na ce ba zai shiga ruwa da shi ba. Sai ya ce kamiyon Jado ya kusa cika, kuma an riƙe masa wuri. Ba rashin kunya ya yi ba, gaskiya ya faɗa: ba zai zauna yana kallon jirgi bisa duwatsu yara na jiran tuwo ba.

Na je rumfar abokina na zauna, ya yi kamar bai gan ni ba. Na koma washegari, ya ba ni shayi ya koma kan aikinsa. Na ga roƙo ba zai yi ba, bayani kuma ya riga ya ɓata. Sai na yi hayar amalanken jaki, aka ɗora jirgin, aka sauke shi a kife daidai gaban rumfarsa, a gefen hanya inda kowa ke wucewa. Na ari guduma da kurfi wurin mai gyaran taya, na naɗe hannun riga, na sa tabarau, na fara sarar ƙusoshin da kaina.

Bugun farko ya sauka a kan zanen. Na biyu ya zame ya karce jikin jirgin. Na uku ya samu babban yatsana, na faɗi wata kalmar Faransanci da ban taɓa koya wa kowa ba. Maƙwabtansa suka fito suna ba ni shawara, kowa da tasa. Ban ɗaga kai ba. Na ƙudura ko jirgin zai koma rariya sai jan ƙarfen nan ya fita.

"Kai!" na ji daga rumfa. "Kai, Mushe! Yanka shi za ka yi?"

"Cirewa nake."

"Wannan cirewa ce? Jaki ma ya kau da kai. Ba ni nan, kafin a ce a ƙofata aka yi wannan ta'asa."

Ya fizge kurfin. Cikin ɗan lokaci ƙusoshin suka zube a tafin hannunsa, faranti biyu suka fita ba ko lanƙwasa. Ya tsaya yana kallon ramukan.

"To, mai ilimi. Da me za a rufe? Da takarda?"

"Da irin jikinsa. Faci sanholo, ƙusa sanholo."

Ya yanko murfin wata tsohuwar tukunya, ya buge shi ya daidaita, ya yanka ƙusoshi daga wayar sanholo mai kauri, ya shimfiɗa robar tayar babur tsakanin faci da jiki, ni kuma ya sa ni riƙe dutsen guga daga ciki yana daddale kawunansu. Duk tsawon aikin bai daina mita ba. Ya ce bai taɓa yin abu mai muni haka ba, kuma in aka tambaye ni wa ya yi, in ce wani baƙo ne daga Dirku.

Muka ɗora jirgin bisa duwatsu a nan gefen hanya, muka zuba rairayi, ƴan garuwa suka cika shi. Na aika aka kira surukina. Ya zo da rawaninsa na tafiya a wuya. Ya gaishe mu, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe. Ya shafa facin da tafin hannu, ya duba hannun. Ya ɗebi rairayin ya murza, ya zube masa ta tsakanin yatsu a bushe. Ya zagaya ya ɗan girgiza jirgin, ruwan ya yi tambal-tambal, ya sake leƙawa.

"Baba," ya ce, bai ɗago ido ba, "filafili fa? Da me za a tuƙa shi?"

Ni da maƙerin muka dubi juna. A duk lissafina ban taɓa tuna wannan ba, kuma na tabbata ko an kife kasuwar Agadas ba za a samu ko guda ba. Na ce ya zana mini siffarsa da tsawonsa a ƙasa. Ya warware rawanin ya aje gefe, ya ɗauki tsinke ya fara zanawa, yana cewa a samu icce marar nauyi, kuma a yi biyu don ɗaya na iya faɗawa ruwa. Na auna zanen da igiya, na ƙulla, na nufi unguwar masassaƙa.