Dafaffiyar alkamar da na kai wa Rumyana

Faɗanmu da Rumyana Gocheva a kan muryar mahaifiyata ne. Ina goge ƙasa a ƙofar ofishinta na tare ta.

"Kin ce za ki ba ni kaset ɗin, 'yar nan."

"Ban ce ba, Gwaggo Stoyna. Cewa na yi zan tambayi lauya."

"Lauyan ne ya sha nononta ko ni?"

Ta tsallake bokitina ta shige.

Na san Rumyana tun tana tallar cuku a kasuwar garinmu Smolyan, majina har baki. Ta yi karatu, ta samu aiki a wannan cibiyar bincike ta Plovdiv inda nake shara, ta wanke harshen ƙauye daga bakinta tas. Masu bincike su tara bayanai, ita ke shiga tsakaninsu da ɗakin karatu da masu kwamfuta da lauya, ta ce wannan a adana, wannan a buɗe wa duniya, wancan a share. Ba ta taɓa binciken komai ba, amma farfesoshi masu furfura sai sun ƙwanƙwasa kafin su shiga. Mijinta ya gudu Jamus. Ba ta neme shi ba, makulli ta canza.

Da can wani Dakta Ignat ya zaga duwatsunmu yana naɗar waƙoƙin tsofaffi. Mahaifiyata ta rera masa na makoki, masu kiran matattu da sunansu. Da ya rasu aka zube wa Rumyana kaset-kaset ɗinsa. Ta zauna da lauya suka yanke: muryar da mai ita bai sa hannu ba, ba a ajiyewa, ba a ba kowa, sai in magada duka sun yarda. Mahaifiyata ko sunanta ba ta iya rubutawa.

"Ni 'yarta ce, na yarda."

"Kina da ƙanne biyu a Sifaniya."

"Ɗaya ya mutu."

"To, 'ya'yansa."

Mai ran ya yarda, amma yaran ko waya ba su ɗaga ba. Wa'adin da suka ɗiba ya cika, aka share kwafin da ke kwamfuta, aka niƙe kaset. Ko sau ɗaya ba ta bar ni na saurara ba, wai saurare ma fitar da bayani ne.

Ana nan wasu baƙi suka zo daga waje su yaba tsarinta. Na dafa alkama da sukari da zabibi irin ta sadakar mamaci, na shiga tsakiyar taron ina rabawa. A nan ba mai mayar da alkamar mamaci, ko kafiri ne. Shugaban cibiyar ya karɓa, baƙi suka karɓa. Na zo kanta.

"Wa ya rasu, Gwaggo?" ta ce a hankali.

"Mahaifiyata. Karo na biyu."

Ta karɓi kofin da na miƙa mata. Ta kai cokali baki, ta ce, "Allah ya gafarta mata."

"Ɗaga murya, 'yar mai cuku, baƙi ba su ji ba."

Ta maimaita, fuska ja wur. Za ta ajiye kofin na riƙe mata hannu. Har na bar aiki ban ƙara ce mata uffan ba bayan wannan:

"Cinye duka. Mutuwar farko ciwo ne ya yi ta, ba wanda zan kai wa alkama. Wannan ta biyun taki ce."