Malam Mamuda da Sunan Ɗan Fari

Malam Mamuda ya riƙe wani ƙaramin ɗakin shan magani a ƙasar Faskari daga 1952 har ƙarshen shekarun 1950. Mutane sun yarda yana da hannu, amma sun fi tuna shi da jinkiri. Ba ya ba kowa ko ƙwaya ɗaya sai ya nemo katinsa ya karanta abin da ya taɓa ba shi. Masu jira a gindin bedi sukan ce wanda ya warke a layi ma ya ci riba.

Wata ranar kasuwa wata mata daga Ruwan Godiya ta kawo yaro goye, ƙirjinsa na kuka. Maganin ciwon yana nan a kwalba, farar ƙwaya. Sai dai bara ƙwayar ta kumbura wani yaro daga garin har idonsa ya rufe, kuma Malam ya rubuta a katinsa kada a sake ba shi. Fuskar yaron ce ba ya tunawa.

"Baiwar Allah, mi sunanshi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba nawa ba ne, Malam. Na mutanen gida ne."

Wata tsohuwa, Goggo Barakatu, ta leƙo ta taga. "Kai ma dai Malam, da karatunka. Ɗan fari ne. Ka taɓa jin uwa ta faɗi sunan ɗan fari?"

"To ke faɗa mini, Goggo."

"Ni 'yar Tafoki ce, haƙori ya kawo ni."

Malam bai yi wa'azi a kan kunya ba, don ya san kunyar ta girme shi a ƙasar. Ya ɗebo katunan yaran Ruwan Godiya ya ce, "Zan riƙa kiran sunaye. Ba ruwanki da su. Amma in ƙishirwa ta kama ki a wani wuri, ga randa can waje."

Ya kira Gide, ya kira Bilya, ya kira Lawwali. Tana zaune kamar ba da ita ake ba. Da ya ce Hadi, sai ta kwance goyon, ta miƙa wa Goggo ta taga, ta fita.

Katin Hadi shi ne mai gargaɗin. Malam ya mayar da murfin kwalbar, ya tafasa allura ya yi wa yaron. Bayan mako Hadi ya dawo da ƙafarsa, riƙe da zanen matar da har yanzu ba ta san shi ba.