Tsohon da Ya Ƙi Jingina

A ƙauyenmu na duwatsun Khost, ba a tafiya da amarya sai mutanen ango sun harbe ƙwan da muka ajiye a tsallaken kwari. Yau samarinsu tara sun ɗora bindiga kan dutse, duk sun kuskure, matanmu na ta dariya daga saman soro.

Cikin mutanen angon akwai wani tsoho da ban sani ba, gemunsa ja da lalle, hannunsa na rawa har shayinsa na zuba. Maratayin bindigarsa na fata ya yi baƙi da gumi. Ina jin makiyayi ne, wanda kyarkeci bai taɓa jiransa ya nemi majingina ba.

Ƙanena Zarmast ya ce masa, "Baba, ga dutse, jingina kada bindigar ta kayar da kai."

"Dutsenku ne. Ban zo aro ba."

Yana tsaye ya zura dantsensa cikin maratayin, ya naɗe shi a hannu, ya ja har fatar ta yi ƙara. Rawar ta tsaya cak. Ya harba, ƙwan ya tarwatse.

Ya koma kan shayinsa, hannun na rawa kamar ɗazu. Ya ce, "Ku fito mana da 'yarmu, rana na yi."