Ranar da Kogin Panyu Ya Juya Baya

Jiya na ga gashin zabo a ƙasa, sai Baba ya faɗo mini a rai, dattijon da ya fara kai ni Guangzhou saro kaya a ƙarshen shekarun casa'in. Jikan masunta ne daga Yawuri. Da irin gashin nan yake naɗe ƙugiya ta zama kamar ƙwaro, kifi ya taso ya cafke. Kullum cewa yake shi ba a ba shi labarin kogi: da damina ya cika, da rani ya janye.

Wata Lahadi da sanyi, babu ko alamar hadari, muka taka laka zuwa wani tudu a tsakiyar kogi a Panyu, can gefen Guangzhou. Yana wurga ƙugiya, sai na ga ruwa yana jan gashin zabon baya, wajen da ya fito. Na waiwaya, hanyar da muka biyo ta nutse.

"Baba, ban iya iyo ba!"

"Innalillahi, wane irin kogi ne wannan?" Ban taɓa jin muryarsa tana rawa ba sai ranar. Ashe teku ke turo ruwan nan kullum, mu ba mu sani ba.

Ya yar da sandar ƙugiyarsa, ya damƙi hannuna. "Kalli ƙeyata, ɗana, kada ka kalli ruwa." Ruwan sanyi ya kai mini ƙirji, laka tana tsotse ƙafata, amma bai sake ni ba har gaɓa.

Ya Allah, Ka riƙe hannunsa a kan Siraɗi kamar yadda ya riƙe nawa.