Baƙin Dasashin Inna

Inna, mahaifiyata, tana budurwa aka tsattsaga mata dasashi da ƙaya aka cusa baƙin tukunya, yadda matan Fulanin wajen Zagga suke yi. Ba ta da abin taƙama kamarsa. In ta yi dariya haƙoran sai su fito fes a kan baƙin, kuma ta sani sarai, shi ya sa abin da bai kai a dara ba ma sai ta dara.

Da baƙin ya fara hawa ganɗarta, can rufin bakinta, ba wanda ya damu. Ƙanwarta da ke aure a tsallaken iyaka, cikin Benin, har tsokanarta take, wai kwalliya ce ke ƙaruwa da tsufa. Ni na ga jini a bakin ƙwaryar furarta, na tasa ta gaba sai asibiti, muna tafe muna faɗa. Ba ni da haƙuri, kuma wurinta na gado.

Daga asibitin Bagudo aka tura mu Sakkwato, suka yanki ɗan nama suka auna. Likita ya ce ciwon daji ne, irin wanda ba kasafai yake fitowa a baki ba, baƙi kamar tawadar Allah. Ba tsagar ta jawo shi ba, ɓuya ya yi a cikinta. Sai an cire dasashin sama da haƙoransa, kuma ba jira.

Inna ta ƙi. "Da abina aka san ni, da shi za a rufe ni."

Na yi masifa, a banza. Tsoro nake ji ƙwarai. Da muka zauna a inuwa na sauke murya na ce, "Inna, na ƙaya ke kika zauna aka yi miki. Wannan wa ya gayyace shi?"

Ta daɗe tana taɓa wurin da harshe. Ta ce, "Ba ni ba. Su hidda shi."

Aka yi aikin, aka yi ta gasa wurin da na'ura, aka sa mata dasashin roba, ja-ja kamar na jariri. Ta tsane shi. Wata da watanni tana rufe baki da mayafi, abin yana ci mini rai.

Har yau muna komawa a duba ta, don likita bai yi mana alkawarin komai ba. Amma Inna ta koyi sabuwar dariya: takan danne leɓen sama ta saki na ƙasa, inda baƙinta ya rage. A karkace dariyar take. Ranar da na fara ganinta, zagayawa na yi bayan rumbu na sha kukana.