Kawu, Wanda Ya Fito Mana da Fuskar Baba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, dab da la'asar, aka tarar da kai zaune a shagonka, rai ya yi halinsa. Talabijin na kunne a gabanka ba murya, rimot na kan cinyarka.

Kawu, gari ya san ka da gyaran talabijin, mu kuwa da mita muka san ka. Ba ka shiga falon mutum ka ga hoto ya yi jajir ka yi shiru. Kakan ce an sayi babban allo an mai da bayin Allah kamar an soya su. Sai ka karɓi rimot, ka rage launi, ka sassauta kaifin hoton, ka gyara faɗinsa har waɗanda aka baje su koma siffarsu. Tsofaffin da idonsu ya raunana kuwa, har gida kake bin su.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne zuwanka na ƙarshe gidanmu. Mama, yayarka, ta daɗe tana kukan cewa fuskar mijinta, marigayi Baba, na ɓace mata, ga shi bai bar hoto ba. Akwai tsohon bidiyon wani taro da aka yi a tsakar gidanmu, amma a sabon talabijin dishi-dishi yake fitowa, bakin zaure kuma baƙi ƙirin. Ka zauna kana ƙara haske kaɗan-kaɗan. Duhun zauren ya fara yayewa, sai ga mutane zaune a kan benci, waɗanda ba mu taɓa sanin an ɗauke su ba. Ga Baba a tsakiya, yana kallonmu. Mama ta ɗora tafinta a kan gilashin.

Kai kuwa ba shi kake kallo ba. Ka bi bencin da yatsa kana kiran sunayensu, kowanne ka ce Allah ya jiƙansa. A ƙarshen bencin kai ne, da ƙuruciyarka, rabin jikinka bai fita daga duhu ba.

Ka ce, "Yaya, ashe ni kaɗai suke jira."

Mama ta ce ka bar wannan magana. Ka yi murmushi, ka ce kada kowa ya ƙara taɓa hasken, ya isa haka. Mako bai zagayo ba ka bi su. Jiya Mama ta sake kunna bidiyon, ta rantse yanzu fuskarka ta fito sarai. Ni ban iya dubawa ba. Allah ne masani.

Allah ya gafarta maka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya sa ka tarar da su cikin rahama. Mama, da matarka Inna da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙurin wannan rashi. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.